Zanen lalle da Dagin Arewa a jikin kek ɗin kamu: ta wace hanya ake ɗora shi ya fito tsaf?

Sabuwar mai kek, Unguwar Rogo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah ina neman taimakon waɗanda suka riga ni a harkar nan. An ba ni aikin kek ɗin kamu, hawa biyu, na ƙasa inci 10, na sama inci 8, kowanne tsayinsa inci 5. Uwar amarya tana so zanen lalle ya zagaye jikin hawan ƙasa, irin mai furanni da ganye da ɗige-ɗigen nan da ake yi wa amare a hannu. A can sama kuma a sa Dagin Arewa mai ruwan gwal, sunan amarya a jikin hawan sama. Bikin tsakiyar Agusta ne, nan cikin Jos, kun kuwa san yadda ruwa yake a lokacin.

Zanen yana nan a takarda, mai lallen amaryar ce ta zana shi da hannunta. Mayar da shi jikin kek ne ya gagare ni. In na zana da ka, wani fure ya fi wani girma, ƙarshen zanen kuma ba ya haɗuwa da farkonsa. Na gwada hanyar firiza, wato a zana da kirim a kan takarda a daskarar sannan a kifa a kan kek, a ƙaramin kek, baƙin ya zubo cikin farin, sunan ma ya fito a juye. Wace hanya ce ta dace da jikin kek, wacce ta dace da sama? Kuma da me zan bi layin zanen? Allah ya saka da alheri.

Maman 'yan biyu, Rikkos

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki faɗa mana abin da za ki lulluɓe kek ɗin da shi ba, fondan (ƙullin sukari da ake murzawa a shimfiɗa a kan kek) ko botakirim (kirim ɗin bota da sukari), alhali shi ne yake zaɓa miki hanya, ba zanen ba. Zan yi bayani a kan fondan, tunda siraran layukan lalle sun fi zama a kansa.

Ki lulluɓe kek ɗin tun daren jajiberin ranar da za ki yi zane, ki bar shi ya kwana a ɗaki mai iska har fondan ɗin ya ɗan yi tauri. In kika ɗora takarda a kan ɗanyen fondan, yatsunki za su bar gurbi, gurbin kuma ba ya gyaruwa. A watan Agusta fondan yakan yi danƙo saboda laima, don haka ki cuɗa rabin ƙaramin cokali na CMC, hodar da take ƙara wa fondan tauri, cikin kowane giram 500, ki ƙulle shi a leda minti 30 kafin ki murza.

Rashin haɗuwar ƙarshen zane da farkonsa matsalar awo ce. Kek mai inci 10 kewayensa inci 31 da kusan rabi ne kafin a shafa masa komai. In ya sha kirim da fondan yakan kai 32 ko 33. Kada ki dogara da lissafi, ki sa tef ɗin tela ki auna bayan kin lulluɓe. Ki yanko takardar gashi, wato wadda ake shimfiɗawa a gwangwanin gasa kek, mai wannan tsawon daidai, faɗinta inci 5, ki ninke ta biyu, ki sake ninkewa, ki sake, ta zama gida takwas, kowane gida inci 4 da 'yan kai. Ki kai zanen mai lallen shagon kwamfuta a rage shi ko a ƙara shi har ya cika gida ɗaya, sannan ki kwafe shi a duk gidajen takwas. Ki sa ido a kan reshen da yake fita daga gida ya shiga na gaba. Tsayin da ya fita ta dama, a wannan tsayin zai shigo ta hagu. In kika daidaita wannan a takarda, a jikin kek ma zai haɗu.

Ki naɗa takardar a jikin kek, fuskar da kika yi wa fensir tana kallon waje, kada baƙin fensir ya taɓa fondan. Ki haɗa bakinta da salatif, ki kafe ta da fil huɗu masu kai a inda fure zai rufe hujin. Ki ƙirga fil ɗin da kika sa, ki ƙirga su in kin cire. Wannan ba abin wasa ba ne, abinci ne za a ci. Sai ki ɗauki sabuwar allura da kika tafasa, ki bi layin kina hudawa, tazarar milimita 3 a kan lanƙwasa, milimita 5 ko 6 a kan miƙaƙƙen layi. Ki taɓa fatar fondan kawai. In kika nutsa allurar har cikin kirim, maiƙo zai biyo hujin ya ɓata layin da za ki ja a kai. Kuma kada ki huda kowane ɗigo da kowace jijiyar ganye, ramuka za su yi yawa har ki rasa wanne ne wanne. Ki huda jigon zanen, wato reshe, da'irar fure da bakin ganye. Ƙananan ado ki cike su da ido kina duba takardar.

Abin jan layi a kan fondan shi ne aisin ɗin farin ƙwai, wanda masu kek suke ce wa royal. Farin ƙwai ɗaya, kimanin giram 30, aisin shuga giram 200 da aka tankaɗe sau biyu, ruwan lemon tsami rabin ƙaramin cokali. Kwano da mabugi su zama babu ko ɗigon maiƙo. Ki buga a hankali minti 5 zuwa 7. In kika buga da ƙarfi zai cika da iska, layi ya riƙa tsinkewa a tsakiya. Kaurin da ake so shi ne in kin ɗaga cokali, tsinin da ya tashi ya ɗan sunkuyar da kai. In akwai masu juna biyu ko ƙananan yara a wurin, ki yi amfani da hodar farin ƙwai maimakon ɗanye. Ki rufe kwanon da jiƙaƙƙen tsumma, domin minti biyar a buɗe ya isa ya yi ɓawo, ɓawon nan kuwa shi yake toshe nozul, wato ɗan bakin da ake sa wa ledar matsa aisin.

Nozul mai lamba 1 ko 1.5 don siraran layuka, lamba 2 don reshe. Kada ki cika ledar matsi, kashi ɗaya cikin uku ya isa, hannu ya fi iko da ita. Ki sa littafi a ƙarƙashin faifan juyi ta gefenki, kek ɗin ya ɗan kishingiɗa baya, ki kafa gwiwar hannu a tebur. Ki taɓa bakin nozul a jikin fondan, ki ɗan janye shi, ki bar zaren aisin ya kwanta da kansa a kan ramukan. Inda ya kauce, ki jira minti biyu ya ɗan bushe, ki ɗauke shi da tsinken sakace. In kika goge shi yana ɗanye, launin zai shiga fondan, ba zai fita ba.

Launin lalle kuwa, ruwan ƙasa ne da ɗan ja da ɗigon kala mai ruwan lemo. Ki haɗa shi ya fi yadda kike so haske, domin yana ƙara duhu in ya bushe.

Hajiya mai kek, Rayfield

Maman 'yan biyu ta gama da jikin kek. Bari in ɗauki na firizan da kika ce ya ɓaci, domin hanya ce mai kyau in an yi ta a inda ta dace. Inda ta dace kuwa shi ne saman kek mai shimfiɗe. Daskararren kirim ba ya lanƙwasa, in kika ce za ki naɗa shi a jiki karyewa zai yi.

Haɗin kirim ɗin: bota giram 250, aisin shuga giram 500, madara babban cokali ɗaya ko biyu. Ainihin bota ta fi majarin daskarewa da ƙarfi a firiza, don haka in da majarin kike aiki, ki haɗa rabi da rabi. Ki manna zanen a kan farantin gilas, ki shimfiɗa takardar gashi a kai, ki kama kusurwoyin da salatif ta miƙe sosai. Duk wani lanƙwashewar takarda zai fito a fuskar zanen. Amfanin gilas shi ne za ki iya ɗaga shi ki leƙa ta ƙasa ki ga ainihin fuskar da mutane za su gani.

A nan komai a juye yake tafiya. Abin da kika fara zubawa shi ne zai zama a gaba. Ki fara da layin gefe da nozul lamba 2, ki sa a firiza minti 10. Ki fito da shi ki cike launuka ɗaya bayan ɗaya, bakin nozul yana nutse cikin kirim ɗin, ki riƙa tura shi cikin lunguna da tsinke. In kika zuba daga sama kamar taliya, iska za ta maƙale a ƙasa, ki buɗe ki tarar da ramuka da layi-layi. Daga ƙarshe ki shafe bayan duka da kirim mai launin kek ɗin, kauri ya kai milimita 5, ki daidaita shi da wuƙar shafi. Awa biyu a firiza mai sanyi sosai. Ki kifa shi a kan kek, ki danna a hankali, ki ɓare takardar nan take tun yana da tauri. In kika tsaya minti biyu, takardar za ta tafi da rabin layin.

Zubar baƙi cikin fari yana da dalili uku. Na farko kalar ruwa ta ƙananan kwalabe. Kafin ta ba ki baƙi sai kin zuba mai yawa, ruwan da ke cikinta ya fi ƙarfin kirim ɗin, ga ɗaci. Ki fara da hodar koko ta cakulan, babban cokali biyu cikin giram 150 na kirim, ya zama ruwan ƙasa mai duhu, sannan ki ƙara ɗan baƙin kala mai kauri irin ta jel. Ki rufe ya kwana. Da safe za ki ga toka-tokan jiya ya koma baƙi ƙirin ba tare da kin ƙara komai ba. Ja ma haka yake, in ya kwana yana ƙara ƙarfi. Na biyu, rashin daskarar da layin gefe kafin a cike. Na uku, wanda ya fi duka a damina, shi ne zufa. Abu mai sanyi in ya fito cikin iska mai laima, raɓa take sauka a kansa, ta narkar da sukari, ta ja launi ta gangara da shi. Maganinsa, da zarar kin ɓare takarda ki sa kek ɗin a kwali ki rufe, ki sa a firij awa ɗaya, sannan ki fito da shi ki bar shi a cikin kwalin ya huce a hankali. Raɓar za ta sauka a jikin kwali. In duk da haka ya yi zufa, kada ki taɓa shi da tishu ko yatsa. Ki kunna fanka daga nesa, zai bushe da kansa.

Batun suna da ya fito a juye, ga ƙa'idar da za ki riƙe: duk hanyar da za ki kifa abu a kan kek, zanen sai an juya shi kamar a madubi. Na firiza, na jel, da na cakulan da ake kifawa, duk a juye ake zana su. Na huda da allura da na sitensil, wato robar da aka yanke zanen a jikinta ake shafa kirim ta ramukan, yadda suke ake sa su. A shagon kwamfuta ki ce a juya miki hoton kafin a buga. In babu hali, ki kifa takardar a gilashin taga da rana, ki bi bayanta da alƙalamin maka. Rubutun boko ko na Ajami, duk ƙa'idar ɗaya ce.

Sabuwar mai kek, Unguwar Rogo

Na gode ƙwarai Anti, na gode Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Na tambayi uwar amarya, ta ce ba sa son fondan, yara ɓare shi suke yi su zubar, botakirim take so. Ga shi kuma wuta ba ta zama a unguwarmu, ba zan iya cewa firiza za ta yi awa biyu tana aiki ba. To lallen fa a kan botakirim? Kuma gwal ɗin, an ce da giya ake dama shi, ni kuwa ba zan sa wannan ba.

Mai gashi, Bukuru

'Yar'uwa, tunda botakirim ne kuma wuta babu tabbas, ki ajiye maganar firiza. Sannan kada ki ja layin royal a kan botakirim. Maiƙon bota yana shiga cikinsa, siririn layi ya yi laushi, launinsa ya yi dabbare-dabbare kafin gari ya waye. A kan botakirim da botakirim ake zane.

Hanyar da ta fi miki ita ce ta jel, wato a bi zanen da jel mai garai-garai a takarda, a manna a jikin kek ya bar alama. Sharaɗinta, kirim ɗin ya zama mai yin ɓawo, wato mai sukari ninkin bota kamar haɗin da Hajiya ta bayar. Kirim ɗin da ake yi da farin ƙwai da dafaffen sukari ba ya ɓawo, haka ma wanda ake bugawa ya yi kumfa, takarda mannewa take yi a jikinsu. Ki shafe kek ɗin ya yi sumul, ki bar shi gaban fanka. Da hunturu minti 15 ya isa, har ma ki yi sauri kada ya yi kaushi ya tsage. A Agusta ki ba shi minti 30 zuwa 40. Ki taɓa da bayan yatsa, in bai biyo ki ba ya yi.

Jel ɗin kwalliya ana sayar da shi a shagunan kayan kek, amma ki duba jikin robar, wasu da jelatin ake yin su, ba a kuma faɗin daga wace dabba. Na gida ba shi da wuya: sukari giram 70, garin konfulawa babban cokali ɗaya, ruwan lemon tsami mililita 60, ruwa mililita 60. Ki dama konfulawar da ruwan tun yana sanyi, ki haɗa sauran, ki ɗora a ƙaramar wuta kina juyawa har ya yi kauri ya koma garai-garai. Ki bar shi ya huce sarai. In ya yi kauri da yawa, ki sassauta shi da ɗigon ruwa.

Awon gida takwas da Maman 'yan biyu ta kawo yana nan daram, sai dai a nan ki yanke takardar gida-gida, kada ki naɗa ta gaba ɗaya. Ki fara sa alama takwas a gindin kek da tsinke. Ki ɗauki gida ɗaya mai juyayyen zane, ki bi jigon zanen da jel ta nozul lamba 1, siriri. Ki daidaita gindin takardar da faifan kek, ki manna fuskar jel ɗin a jiki, ki bi bayan layukan da ɗan yatsa ko busasshen burushi, ba dannawa ba, shafawa. Ki janye takardar kai tsaye zuwa gare ki. In kika ja ta gefe, layin zai goge ya zama biyu. Abin da zai rage a jikin kek siririn layi ne mai ƙyalli, wanda sai kin haska fitila daga gefe za ki gan shi sosai. In idonki ba ya kama shi, ki sa wa jel ɗin ɗigon launin lallen. Jel mai yawa shi ne kuskuren da aka fi yi: yana baje wa, kuma kirim ɗin da za ki ja a kai ba zai kama ba, zamewa zai yi.

Kirim ɗin jan layi ki tace shi ta rariya mai laushi, ki ƙara ƙaramin cokali ɗaya na jel ɗin nan ko gulukos cikin kowane giram 150. Shi ke sa layi ya miƙe bai tsinke ba. Ki yi leda biyu kina musanyawa, domin zafin tafin hannu yana narkar da bota cikin minti goma, layi ya fara faɗi yana sheƙi. Lamba 1.5 ko 2 za ki yi amfani da ita. Gaskiya botakirim ba zai ba ki sirantar da royal yake bayarwa a kan fondan ba, saboda haka ki roƙi mai lallen ta rage cunkoson zanen, ta bar tazarar aƙalla milimita 3 tsakanin layi da layi. Sunan amarya a hawan sama ma da jel ɗin za ki ɗora shi.

Dagin kuwa, ni a ganina sitensil ne ya fi. Ki yanke shi a kan roba mai garai-garai ta kayan abinci, ban da tsohon fim ɗin hoton asibiti da wasu suke amfani da shi, akwai sinadarai a jikinsa. Kek ya yi sanyi a firij minti 30, ki ɗora sitensil, ki shafa kirim sau ɗaya da abin kankare kirim a karkace, ki kwashe rarar, ki ɗaga. In kika koma sau biyu ko uku, kirim zai shige ƙarƙashin roba bakin zanen ya yi gemu.

Hajiya mai kek, Rayfield

Malam, na yarda da kai a kan jel, amma ban yarda da sitensil a kan dagin nan ba. Ruwan gwal ake so, gwal kuwa ba ya zama da kyau a kan botakirim, burushi yana kwashe kirim ɗin. Kuma sitensil yana son kek mai sanyi, ita kuwa ta ce wuta babu tabbas. Gara ta yi dagin daban da farin cakulan tun kwana uku kafin biki, ta ɗora shi daga ƙarshe. In ya karye tana da lokacin yin wani.

Ƙanwata, ki dubi dagin da kyau kafin ki fara, ko a wuyan babbar riga ko a bangon gidan sarauta. Saƙa ce. Igiyar tana bi ta sama a wannan mahaɗa, ta bi ta ƙasa a ta gaba, haka har ta zagayo. In kika cike shi duka da launi ɗaya ba ki nuna wannan ba, ya tashi daga dagi ya koma tagar ƙarfe. A takardarki, a kowace mahaɗa, ki ja gefen igiyar sama ya wuce, ki katse gefen ta ƙasa.

A kan kek mai inci 8, dagi mai faɗin inci 5 ya isa, igiyarsa ta kai faɗin santimita 1 don kada ta karye. Ki sami farin cakulan irin na kwalliya wanda ba ya buƙatar a daidaita masa zafi, giram 150. Ki yayyanka shi, ki ɗora kwanon a kan ruwan zafi da aka sauke daga wuta, gindin kwano kada ya taɓa ruwan. Kada zafinsa ya wuce digiri 45, in kin taɓa a leɓe ki ji ɗumi kawai. Ɗigon ruwa ɗaya ko tururi in ya shiga, zai dunƙule ya zama kamar tuwo, kuma kalar ruwa ma haka za ta yi masa. Ki rina shi ruwan ɗorawa da kalar hoda ko mai haɗin mai. Gwal a kan fari yakan yi fayau, a kan ruwan ɗorawa ne yake fitowa da nauyinsa.

Wannan ba kifa shi za ki yi ba, don haka ba sai an juya zanen ba. Ki shimfiɗa takardar gashi a kan zanen, ki zuba cakulan a ƙaramar leda, ki yanke bakin kaɗan. Ki cike dagin duka a zubi na farko, kauri milimita 3, ki bar shi ya kama. Sanyin Jos a Agusta ya isa ya daskarar da shi cikin minti 20 zuwa 30 ko babu firij. A zubi na biyu ki bi igiyoyin da suke bi ta sama kaɗai, ki haye mahaɗar da su. Tudun nan shi zai nuna saƙar. Ki yi guda biyu.

Gwal ɗin ba ya buƙatar giya. A kan cakulan hodar gwal tana kamawa a bushe: burushi mai laushi, ki riƙa shafawa kina zagayawa, sau biyu ko uku. In kina son ya fi haka ƙarfi, ki dama hodar da ɗigon man koko narkakke, ki shafa, zai daskare tare da cakulan ɗin. Man gyaɗa ma yana yi, sai dai ba ya bushewa, yana bin yatsa. Ki kula da ƙananan kwalaben ɗanɗanon lemo da ake cewa a yi amfani da su a madadin giya, yawancinsu da barasa aka haɗa su, ki karanta jikin kwalbar. Haka hodar gwal ɗin kanta, iri biyu ce a kasuwa. Akwai wadda aka rubuta ana ci, da jerin abubuwan da aka haɗa ta da su. Akwai wadda aka rubuta ba ta da guba kawai, ko ta ado ce. Ta biyun ba abinci ba ce. In ita kika samu, to dagin ado ne, ki gaya wa masu biki su cire shi kafin a yanka.

Maman 'yan biyu, Rikkos

Ƙari kaɗan. Wani zai ce miki ki huta, ki kai zanen a buga miki shi a takardar sukari da firinta. Don zanen atamfar anko mai launi biyar ko shida, wannan ce hanya, in dai firintar ta tawadar ci ce zalla, ba wadda aka taɓa sa wa tawadar ofis ba. Amma lalle a takarda shafe yake fitowa, ba shi da tudun da yake sa a ga aikin hannu, kuma a laimar Agusta bakin takardar yana jiƙewa ya naɗe.

Ga yadda zan tsara miki kwanakin in kamun ranar Juma'a ne. Talata ki yi dagi biyu, ki ajiye su a roba mai murfi, takardar gashi a tsakani, ba a firij ba. Laraba ki gasa kek, ki dafa jel, ki haɗa kirim mai launin lalle ya kwana. Alhamis da safe ki shafa kirim ɗin farko siriri, ki bari ya kama, ki shafa na biyu, sannan ki auna kewaye ki yanka takardunki, ba kafin nan ba. Ki yi zanen kowane hawa daban kafin ki ɗora su. Ki bar rabin inci babu zane a gindin kowane hawa, nan ne yatsu da wuƙar ɗagawa za su taɓa, daga baya ki rufe shi da ɗige-ɗige. Hawan ƙasa ki kafa masa sanduna biyar, huɗu a kewaye ɗaya a tsakiya, duk tsayinsu ɗaya da hawan ƙasan. In suka gaza tsayi, nauyin sama zai danne na ƙasa, jikinsa ya kumburo, layukan lallen su tsattsage.

A mota kek ya zauna a ƙasa mai shimfiɗe, ba a kan kujera ko cinya ba, tawul a ƙarƙashin kwalin don kada ya zame, leda babba a kai saboda ruwan sama tsakanin ƙofa da mota. Dagin kada ki ɗora shi a gida. Ki tafi da shi a robarsa, da ledar kirim ɗin lallen da tsinke don gyara. A wurin bikin ki ɗiga kirim sau huɗu a bayansa, ki ɗauke shi da wuƙar shafi, ki ajiye a tsakiya, ki danna da bayan burushi, kada yatsa ya taɓa gwal ɗin.